Gafiya a Ƙarƙashin Rumbu

Kai manomin auduga, ka sha wahalar noma da feshi da tsinka. To, kada ka bari abin da ke ƙarƙashin rumbunka ya ci ribarka.

Gafiya da ɓera suna son wuri mai duhu wanda ba a sharewa. Haka suke yi wa 'yan'uwanmu na Nima da Maamobi da Abossey Okai a birnin Accra, suna haƙa rami a ƙarƙashin shagunan katako. Haka kuma suke yi maka a ƙauye, ko a ƙasar Tamale kake ko a Funtua. Gafiya da dare take fita, ta cika kumatunta da gurya ta kai rami. Ɓera kuwa yaga kaɗa yake yi, ya yi sheƙa, ya yi fitsari a ciki. Auduga mai dauɗa ba ta samun lamba ɗaya a kasuwa.

Hasarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Wani irin ɓera yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. A 2023 ma ya ɓulla a Accra. Ta fitsarin ɓera da kashinsa ake kamuwa.

In ka ga rami, kada ka zura hannu, sau da yawa maciji ya gaje shi. Kada kuma ka yi masa hayaƙi yadda yara suke yi a daji, gama auduga ba ta wasa da wuta. Barbaɗa toka a bakin ramin da magariba. Da safe sawu zai gaya maka mai gidan. Sa'an nan ka ɗana tarko da gyaɗa, inda yara da kaji ba su zuwa. Abin da ka kama, ɗauke shi da shebur ka binne, ka wanke hannu da sabulu.

Sai ka kwana uku ba ka ga sawu ba kafin ka toshe, domin in ka rufe ta da rai wata ƙofa za ta haƙa. Cika ramin da tsakuwa da fasassun kwalabe, ka daɓe, ka shafe da siminti in da hali.

Bayan haka nome ciyawa kewaye da rumbu, ka kwashe tarin kara da itace. Buhunan auduga kuma ka ɗora su bisa katako, nesa da bango, yadda za ka iya leƙa ƙarƙashinsu kowace safiya.