Ranar Farko a Kan Dandamali: Makarantar da Matasan Kumbotso Ke Bukata

Duk wanda ya taɓa yin tashe a watan azumi ya riga ya ɗanɗani wasan kwaikwayo, ko bai sani ba. Yaro ya ɗaura gemun auduga, ya tanƙwara baya, ya zama tsoho a ƙofar gidan maƙwabta. Amma hawa dandamali a gaban jama'ar da suka zauna musamman don kallo wani abu ne daban, kuma wannan makaranta ce da take neman ɓacewa a unguwanninmu na Sheka, Panshekara da Zawaciki.

Mu ɗauki matashin da ke aiki a masana'antun fata na Challawa, ko na roba a Sharaɗa da Bompai. Yininsa na ƙarewa a gaban inji, ba a tambayarsa ra'ayi. Idan ya shiga ƙungiyar wasa ta unguwa, darasin farko shi ne zuwa gwaji a kan lokaci, domin rashin mutum ɗaya na tsayar da mutum goma. Na biyu shi ne haddar magana tare da sauraron abokin wasa, saboda kalmar ƙarshe ta wancan ita ce ƙofar shigarsa. Na uku, ya koyi ɗaga murya har ta kai sahun baya ba tare da ya yi ihu ba, kuma kada ya juya wa masu kallo ƙeya.

Ranar wasa kuwa, gwiwa na rawa, maƙogwaro na bushewa. Ba kyamarar da za a tsayar a ce a sake. In magana ta kufce, dole ya ƙago wata nan take, ko abokinsa ya rufa masa asiri. Masu kallon Kano kuma ba sa ɓoye abin da ke ransu: su yi shewa, su yi tsaki, wani lokaci har su mayar wa ɗan wasa martani. Wanda ya tsallake wannan dare, gobe ba zai ji nauyin tsayawa gaban manaja ya nemi haƙƙinsa cikin ladabi ba.

Wannan hanya tana da tarihi. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, Malam Aminu Kano ya riƙa rubuta wasanni yana sukar zalunci da su. Shu'aibu Maƙarfi ya bar mana Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya jagoranci ƙungiyar wasa, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta shirya shi. Wato Kannywood daga ƙungiyoyin sa-kai ta tsiro.

Yau matashi na ganin wayar hannu ta wadatar. Ya ɗauki bidiyon minti ɗaya, ya ɗora a TikTok, ya jira yabo. Babu mai ba da umarni da zai gyara masa, babu dattijon da zai ce wannan kalma ba ta dace ba. Iyayen da ke tsoron a kira ɗansu ɗan wasa su duba da kyau: wasan da ake yi a filin makaranta, a gaban malamai da mai unguwa, ya fi wanda ake yi a ɗaki a ɓoye tsafta.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta buɗe wa ƙungiyoyi ɗakunan taron makarantu a ƙarshen mako. Masu masana'antu su ɗauki nauyin wasa ko da sau ɗaya a shekara, a kan kariya wajen aiki, shaye-shaye, ko gurɓatar Kogin Challawa. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta tura tsofaffin 'yan wasa su horar da sababbi tun suna raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma matashin da ba a ba shi dandamali ba, titi zai ba shi nasa.