Manoman Kadawa, Kada Kuɗin Taki Ya Tafi Kaliforniya

'Yan uwana manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, ku tsaya ku ji kafin kuɗin shinkafa da na tumatir su shigo hannu. Tallan hannun jarin kamfanonin Amurka ya cika wayoyi, kuma wanda ya fi daɗin baki shi ne na kamfanonin cip, wato 'yan ƙananan na'urorin da ke riƙe bayanai a cikin waya da kwamfuta. Za a ce maka kamfanin yana da haƙƙin mallakar wata fasahar memori, duk wanda ya ƙera waya sai ya biya shi, don haka asara ba ta da hanyar shiga. Wallahi tana da hanya, kuma mai faɗi.

Irin waɗannan kamfanoni akwai su da gaske. Rambus, wanda aka kafa a Kaliforniya a 1990, ba shi da masana'antar ƙera cip ta kansa. Yana zana fasahar ne, ya yi mata rajista, ya karɓi kuɗin lasisi daga manyan masu ƙerawa. Kamar mai gonar da ba ya noma, haya kawai yake karɓa, amma masu hayar sun sha zuwa kotu suna cewa takardar gonar ba tasa ba ce. A 2010 Samsung ya amince ya biya shi kimanin dala miliyan 900. A Nuwamban 2011 kuma ya sha kaye a ƙarar da ya kai Micron da Hynix a San Faransisko, darajar hannun jarinsa ta zube da kusan kashi 60 cikin ɗari a yini guda. Wanda ya kwana da naira miliyan ɗaya a ciki, kafin magariba saura dubu ɗari huɗu. Wani kamfanin, Netlist, kotu a Texas ta yanke masa dala miliyan 303 a kan Samsung a 2023, amma hukunci daban, kuɗi a aljihu daban, domin ɗaukaka ƙara na cin shekaru. Haƙƙin mallakar ma kansa shekara 20 ne ya ƙare.

Wannan fa hatsarin wanda ya sayi hannun jarin na gaskiya ke nan, ta hannun dillali mai rajista. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda zai zo maka da manhaja, ko ya saka ka a zauren WhatsApp, ya ce ka tura dubu hamsin kana ganin riba kullum. Rambus ba ya raba ribar shekara ga masu hannun jarinsa, balle ta kullum. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari da sunansa, kuɗin na baya yake ba na gaba. Mun gani a MMM, da ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Mun sake gani a CBEX a Afirilun 2025. A duka biyun waɗanda suka fara karɓa ne suka jawo danginsu, da zuciya ɗaya.

Mai albashi idan ya yi asara, ƙarshen wata na zuwa. Manomin rani jarinsa da lokaci yake tafiya. Idan aka sako ruwan Tiga cikin magudanai babu kuɗin iri, taki da lebura, shekarar ta wuce, sai bashi. Mutanen da tsutsar tumatir ta cinye wa gonaki a 2016, shekarar da kamfanin tumatir na Dangote ya fara aiki a nan Kadawa, sun san ɗacin wannan.

Alhaji, kafin ka tura ko sisi, ka nemi sunan dillalin a jerin masu rajista na hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan damfara, sai dai ɗaurin wani ba zai sayo maka buhun yuriya ba. Idan asusun da aka ba ka na mutum ɗaya ne a OPay ko Moniepoint, ka tsaya nan. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da limaman Juma'a, ku faɗa wa jama'a tun yanzu. Masu riƙe kuɗin adashin mata da na ƙungiya kuma, amana ce a hannunku, kada ku taɓa ta.