Ma'ajin Kalmomin Sirri da Izinin da Yake Nema

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a yi tsokaci a kan wata amana ta zamani. Ma'ajin kalmomin sirri, kamar LastPass ko Bitwarden, manhaja ce da ake liƙa wa burauza domin ta adana wa mutum kalmominsa, ta kuma riƙa cike masa su. Amma takan nemi izinin karantawa da sauya bayanai a duk shafin da aka ziyarta.

Dalili kuwa shi ne, sai ta leƙa shafi kafin ta gane gurbin da za ta zuba kalmar. To amma idon da ya ga gurbin nan, zai iya ganin wasiƙun mutum da lissafin bankinsa. Ke nan in manhajar ta sami ɓaraka, asiri ya tonu. A 2017 Tavis Ormandy na Google ya gano wata kafa a LastPass wadda mugun shafi zai iya satar kalmomi ta cikinta, kamfanin kuwa ya toshe ta.

Saboda haka ya kamata a lura cewa burauzar Chrome tana ba da damar hana manhaja taɓa shafi sai an danna ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.