Ɗaukar Shatar Mota Zuwa Damagaram: Abin Da Ya Kamata A Sani

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, idan mutum ya je yawon buɗe ido lokacin hutu yakan je kamfanin hayar mota, kamar Hertz ko Avis. Zai nuna lasisin tuƙi da katin banki, a miƙa masa makulli, ya tuƙa da kansa, in kwanakinsa sun cika ya mayar. A nan wajenmu ba haka ake yi ba. Wa zai ba ka Golf ɗinsa ka tsallaka iyaka da ita kai kaɗai? Mu shata muke ɗauka, wato a ɗauki mota da direbanta gaba ɗaya, ba a saka wani fasinja sai mutanenka.

Ƙasar wajen da ta fi kusa da mu ita ce Nijar, kuma gidaje da yawa a nan suna da dangi a can. Daga Kano zuwa Zinder, wadda muke kira Damagaram, kimanin kilomita 240 ne, ka ga ai ta fi Abuja kusa. Hanyar ta bi ta Ɗambatta, ta shiga Kazaure a Jihar Jigawa, sai Daura a Jihar Katsina, sai Kwangwalam inda iyaka take. Da an tsallaka sai Ɗan Barto, sai Matamai, sai Takeita, inda ake hawa babban titin da ya taso daga Yamai ya bi ta Maraɗi. Daga nan sai a yi gabas zuwa Damagaram.

Babban abin da nake so mu gane shi ne, wanda ya ɗauki shata ba ƙarfen kawai ya haya ba, har da direba da takardunsa. Mota tana iya zama sabuwa fil, amma in babu lasisi da takardun mallaka da inshorar da ke aiki a ƙetare, a bakin iyaka za ta kwana. Jami'an kwastan na Nijar, waɗanda ake ce wa duwan, sukan ba motar baƙi takardar izinin shiga ta ɗan lokaci, kuma jandarmomi za su nemi ganinta a shingayen hanya. Su ma fasinjoji kowa ya riƙe fasfo ko takardar tafiya, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa manya suke zuwa tasha su nemi 'yan yuniyon su haɗa su da direban da ya saba bin hanyar, ko da kuɗinsa ya ɗan fi yawa. A ganina wannan ya fi a ɗauko ɗan maƙwabci don sauƙi.

Ciniki ma sai an yi shi dalla-dalla tun a gida. Wa zai sayi mai? Wa zai biya kuɗin takardu da na hanya? Kwana nawa za a yi, kuma ina direba zai kwana, wa zai ciyar da shi? In mota ta lalace a Matamai, gyaran na wuyan wa? Idan ba a faɗa a gaban shaida ba, a can ne rigima za ta tashi, alhali kuɗin gyaɗa ko na akuyar da aka sayar don tafiyar sun riga sun ƙare.

Tuƙin kansa ba shi da wahala, domin su ma hannun dama suke bi kamar mu. Nijeriya ta koma hannun dama ne a 1972, kafin nan hagu muke bi irin na Ingila. Allunan hanya dai da Faransanci suke, amma mutanen Hausa suke yi, tambaya ɗaya ta isa.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne lissafin kuɗi. Sefa suke kashewa, kuma ba su ƙirga ta ɗaya-ɗaya. Da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jaka guda kuma sefa 1,000. Duk wanda ya iya jadawalin biyar na darasin lissafi ba za a cuce shi a kasuwa ba, don haka 'yan aji ɗaya a dage da hadda.

A Damagaram akwai abin kallo. Akwai fadar Sarkin Damagaram a unguwar Birni, da gidajen ƙasa masu zane a Zango, da manyan duwatsu a tsakiyar gari. Nan ne babban birnin Nijar har zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai.

Sai kuma a riƙa sauraron rediyo kafin a ba da kafin alƙalami, domin iyaka ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, ko da yake ɓangarorin biyu sun ce jama'a su ci gaba da zirga-zirga ba tare da biza ba.

Dogon hutunmu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da kowa yake gona, kuma ruwa kan ɓata hanyoyin ƙauye. Saboda haka masu zuwa ziyara sun fi tafiya a hutun Disamba, bayan an kai gero da dawa rumbu, kuɗi sun shigo hannu.