Lauya da Cinikin Gona a Ƙasar Pauwa: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita

A ƙasar Sarkin Pauwa, wato Ƙanƙara, har zuwa Faskari da Sabuwa, dillalan fili suna da maganar da ba sa gajiya da ita: wai lauya na mai rigima ne, wanda ya sayi gona a gaban shaidu da sa hannun dagaci ba ruwansa da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shi ke ruɗin mutane. Mai unguwa da dagaci sun san iyakar kowace gona, sun san kakan wa ya sare dajin, kotu ma tana sauraronsu. Tun 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta sa tarihin gargajiya da daɗewar riƙo cikin hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka. Sai dai sa hannun dagaci shaida ce cewa an yi ciniki, ba ya mayar da wanda ba shi da gona mai gona. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙo a karkara, har hekta 500 don noma, ta kuma sharɗanta amincewarta kafin a sayar. In takardar gwamna ce a kan filin, sai da yardar gwamna. Waɗannan abubuwa ana bin diddiginsu ne kafin kuɗi ya fita daga aljihu, kuma a nan ne lauya ya fi amfani.

Jita-jitar da ta fi muni ita ce wadda tashin hankalin shekarun nan ya haifa: wai gonar da mai ita ya gudu ya bari saboda 'yan bindiga, da zarar ta shekara goma a hannun wani, ta zama tasa. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya akwai hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewar riƙo, kuma shekara goma ce tsakanin waɗanda ba dangi ba. Amma malamai sun kafa masa sharuɗɗa: mai abu yana nan, yana gani ana noma gonarsa, ya yi shiru, kuma babu abin da ya hana shi magana. Magidancin da ya kwashi iyalinsa cikin dare ya koma Funtuwa ko Katsina, yana zaman haya yana jiran hanya ta yi kyau, tsoro ne ya raba shi da gonarsa, ba yafewa ya yi ba. Haka nan aro da jingina da amana ba sa zama mallaka komai daɗewarsu. Wanda ya ga irin wannan gona da araha ya yi wuf ya saya, shari'a ya saya wa 'ya'yansa, ya kuma ɗauki haƙƙin wanda masifa ta riga ta durƙusar. Ga kuma gonar gado da ba a raba ba, inda babban wa zai sayar ƙannensa mata ba su sani ba. Ba shi da ikon sayar da kasonsu, ko nasa kason ya sayar, abokan tarayyarsa suna da shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Don haka lauyan da ya dace da wannan yanki shi ne wanda ya san dokar filaye ya kuma san gado. A tambaye shi ƙiri-ƙiri ko yana tsayawa a kotun shari'ar Musulunci, domin cewa lauyoyi ba sa shiga can ƙarya ce.

Ba duk mai baƙar kwat da jaka a harabar kotu ne lauya ba, kuma ganewa ba ta da wuya. Lauya na gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli a Abuja, yana da lamba da shekarar da aka rantsar da shi, kuma a kan takardar da ya rubuta za a ga hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Mai shakka ya tambayi reshen ƙungiyar a Funtuwa ko Katsina. Doka ta haramta wa wanda ba lauya ba ya rubuta takardar cinikin fili don a biya shi, kuma bambancin ba na ado ba ne: lauyan da ya ci amana ana iya kai ƙararsa gaban kwamitin ladabtarwa, har a soke sunansa, mai buga takarda a bakin titi kuwa ba shi da sunan da za a soke. A kuma guji dogaro da lauyan da mai sayarwa ko dillali ya kawo, domin wanda la'adarsa ta rataya a kan ciniki ya faɗa ba zai kawo mai tono aibi ba.

Za a ce talaka ba zai iya biya ba, kuma wannan kuka ne na gaskiya, musamman da aka fito da ƙa'idar kuɗin aikin lauyoyi a 2023 wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za su karɓa. Amma kuɗin bincike sau ɗaya bai kai na zirga-zirgar shari'ar da za ta ci damina uku ba, kuma marar hali yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976. Abin da ya kamata shi ne a daidaita kuɗin a rubuce tun farko, a karɓi rasit. Wasu kuma suna cewa in mai sayarwa ya nuna satifiket ɗin gwamna magana ta ƙare. A 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya kare wanda tun asali ba shi da haƙƙi a filin. Lauyan kirki zai kai lambar takardar ma'aikatar filaye a Katsina ya duba ko an jinginar da ita a banki, ya sa safiyo ya auna, sannan ya taka da ƙafarsa ya ji ta bakin masu gonakin da ke iyaka da ita.