Hasken Gamma da Saƙon "Ku Kashe Wayoyinku"

Saƙon nan ya sake kunno kai a WhatsApp: wai daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare wani mugun haske daga sararin samaniya zai gifta kusa da duniya, don haka kowa ya kashe wayarsa, ya nisanta ta da jikinsa. A ƙarshe sai a liƙa sunan NASA da BBC. Shekara da shekaru ke nan yana yawo, alhali NASA ba ta taɓa fitar da shi ba.

Haske mai ƙarfi daga samaniya kam akwai shi, kuma mafi ƙarfinsa shi ne hasken gamma, wanda ido ba ya gani. A 1967 taurarin ɗan Adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba domin sa ido kan gwajin makaman nukiliya, suka hango walƙiyarsa daga wajen duniya, ba a kuma sanar ba sai 1973. Yanzu an san irin wannan walƙiya tana fitowa ne idan ƙaton tauraro ya mutu ya rikiɗe baƙin rami, ko kuma idan ragowar matattun taurari biyu suka yi karo.

Abin da masu tura saƙon ba su sani ba shi ne, wannan haske ba ya isowa ƙasa. Iskar da ta lulluɓe mu, nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita 10, ita ke shanye shi tun daga sama. Shi ya sa masana ke shan wahala kafin su gan shi. Ko dai su kai na'urar hangen nesa can sama da iska, kamar Fermi da NASA ta harba a 2008, ko kuma su yi dabarar mafarauci, wanda ke gane dabba da girmanta da inda ta fito ta sawunta kawai. A tsaunukan Khomas na Namibiya akwai na'urori biyar da ake kira H.E.S.S., babbarsu faɗin madubinta mita 28. Idan hasken gamma ya daki iska, sai ya haifar da ɗan shuɗin haske da ba ya kai ƙiftawar ido. Shi waɗannan madubai ke kamawa a daren da babu hasken wata sosai.

Ranar 9 ga Oktoba, 2022, walƙiyar gamma mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa ta iso, bayan tafiyar kimanin shekara biliyan biyu. Ta fi ƙarfin ma'aunan Fermi na ɗan lokaci, cibiyar LHAASO ta ƙasar Sin ma ta kama ta. Iyakar tasirinta a nan duniya shi ne girgiza saman iska, abin da sai na'urori ne suka gane. Mutane na ta kiran waya a ranar, lafiya lau.

Kuma babu wanda ya yi gargaɗi, domin ba zai yiwu ba. Hasken gamma yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, babu wani saƙo da zai riga shi isowa. Sai ya zo ake sanin ya zo. Duk wanda ya yanka maka lokacin zuwansa har da minti, ƙirƙira ya yi.

Abin takaici, sau da yawa ana tura saƙon ne da cewa "ko da ba gaskiya ba ne, ai ba a yi asara ba". Akwai asara mana: mai ciki ko majinyaci na iya neman ɗauki cikin dare ya tarar wayoyin 'yan uwa duk a kashe. Da hukumomin kimiyya namu za su riƙa yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji, da wannan saƙo bai daɗe haka yana razana mutane ba.