Rigar Kariya ga Allon Lantarki: Yadda Na'ura Ke Zaɓen Inda Za Ta Shafa

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin rediyo ko kwamfuta ya ga wani allo, yawanci kore, wanda siraran layukan jan ƙarfe suka ratsa. Wannan shi ne allon da'irar lantarki, kuma layukan nan ne ke kai wuta daga wannan sashe zuwa wancan. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Paul Eisler, shi ne ya fara haɗa rediyo a kan irin wannan allo a Ingila wajen shekarar 1936. A yau ana samun allon a cikin mota, da na'urorin asibiti, da injin juya wutar sola. Idan ya lalace, duk na'urar ta tsaya.

Abokan Gabar Allo

Manyan abokan gabarsa uku ne: ƙura, da danshi, da funfuna. Ƙura takan zo da ɓurɓushin gishiri. Idan danshi ya sauka a kanta, sai ta zama hanyar da wuta ke iya bi. Daga nan ƙarfe yakan narke kaɗan-kaɗan daga wani layi, ya riƙa tsirowa kamar rassan bishiya har ya taɓo layin da ke kusa, wuta ta haɗe.

Ita kuwa funfuna halitta ce mai rai. Irin su Aspergillus niger, wato baƙar funfunar nan da ke kama albasa, sukan rayu a kan datti da maiƙon yatsu da aka bari a jikin allo, suna fitar da asid mai cin ƙarfe. Sojojin Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu da wannan a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da zafi da laima suka riƙa lalata musu kayan sadarwa a tsibiran tekun Fasifik. A ƙasar Hausa ma ƙurar hunturu takan taru a cikin na'ura, damina ta zo ta jiƙa ta.

Rigar da Inda Ba Ta Shiga

Maganin wannan shi ne shafa wa allon wani ruwan roba garai-garai, wanda idan ya bushe yakan lafe a jikin kowane sashe. Akwai na akirilik, da na silikon, da na yuretan, da na efokzi. Kaurin na akirilik yakan kama daga milimita 0.03 zuwa 0.13, wato kusan kaurin silin gashin mutum.

Sai dai rigar ba ta barin wuta ta wuce, don haka akwai wuraren da ba a so ta taɓa ko kaɗan: bakin soket, da makunni, da wuraren gwaji. Ɗigo ɗaya a cikin soket ya isa ya kashe allon. A da, ma'aikata kan liƙe waɗannan wurare da salatif, su tsoma allon ko su fesa masa ruwan, sannan su ɓare salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya. Aikin yana cin lokaci da kaya, ga kuskure.

Aikin Na'ura

Yanzu masana'antu suna amfani da na'ura mai sarrafa kanta. Ana saka taswirar allon a cikin kwamfuta, a nuna inda za a shafa da inda za a tsallake. Bel yakan kawo allon, kyamara ta tabbatar da zamansa, sannan wani hannu mai ɗauke da bakin feshi ya riƙa tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Wani bakin yana sakin ruwan a shimfiɗe kamar labule don ya rufe fili mai faɗi, wani kuma siriri ne kamar allura, yana ɗiga shi a lunguna.

Babbar matsalar ita ce halin ruwa na bin matsattsen wuri, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan ruwan ya cika tsinkewa, sai ya kutsa cikin soket ko da ba a zuba shi a can ba. Saboda haka na'urar tana kula da kaurinsa da zafinsa, kuma a wasu lokuta takan fara zagaye soket da wani mai kauri a matsayin shinge.

Bayan shafawa akan busar da allon da zafi ko da hasken ultrabayolet. Yawancin ruwan an gauraya shi da wani sinadari mai ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin wannan haske, don mai dubawa ya ga inda aka tsallake da inda aka zarce.

Abin lura a ƙarshe shi ne, tururin ruwa yana iya ratsa rigar sannu a hankali. Idan aka rufe allo da dattinsa, tsatsa za ta ci gaba da aiki a ƙarƙashi ba wanda ya gani. Shi ya sa ake tabbatar da cewa allon tsaf yake kuma a bushe kafin ya shiga na'urar.